Abu Ali Ya Cika Alkawari, Saura Namu Ga Iyalan Sojoji

A ranar 4 ga Nuwamba 2016 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Malam Fatori, kan iyakar Najeriya da Nijar a arewacin Borno. A wannan gumurzu ne Laftanar Kanal Muhammad Abu Ali ya kwanta dama tare da wasu daga cikin dakarunsa.

Abu Ali kwamandan tankokin yaƙi ne, ɗan tsohon gwamnan soja na Jihar Bauchi. Yana cikin waɗanda suka ƙwato Baga a farkon 2015, lokacin da ƙananan hukumomi da dama na Borno ke hannun 'yan ta'adda. Jarumtakarsa ta sa aka yi masa ƙarin girma na musamman daga Manjo zuwa Laftanar Kanal a shekarar ta 2015. Sojojinsa sun shaide shi da shiga gaba idan wuta ta yi wuta, har ana yi masa laƙabi da Sarkin Yaƙi. An yi masa sutura a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja, manyan hafsoshi na zubar da hawaye.

Shi dai ƙasa ta san sunansa. To, ina kurata da kofur-kofur da suka faɗi a Baga, Metele da dajin Sambisa? Kowannensu ya bar mata ko 'ya'ya ko tsofaffin iyaye da albashinsa ne kaɗai abin dogaronsu.

Wahalar matar soja takan soma ne bayan an watse daga zaman makoki. Gidan bariki na mai aiki ne, don haka ko ba jima ko ba daɗe sai ta kwashe kayanta. Garatuti da kuɗin inshorar rai haƙƙinta ne a takarda, amma karɓarsu na buƙatar zirga-zirgar ofisoshi, wani lokaci har Abuja, alhali ko kuɗin mota babu. Idan mamacin bai sauya sunan magajinsa ba bayan ya yi aure, sai rigima ta ɓarke tsakaninta da dangin miji. Wadda aka ce mijinta ya ɓace a fagen daga ta fi kowa shiga tsaka mai wuya: ba ta ga gawa ba, ba ta yi takaba ba, ba ta san matsayin aurenta ba.

Kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ana ajiye furanni, a saki tantabaru don tunawa da 'yan mazan jiya. Wannan ya dace, amma bai isa ba. Wajibi ne gwamnati ta ƙayyade wa'adin biyan haƙƙin mamaci, kada a tashi iyali daga bariki kafin kuɗinsu ya shigo hannu, kuma karatun marayu ya zama tabbas. Mu ma maƙwabta da masu fitar da zakka, mu neme su. Sojan da ya san ba za a wulaƙanta iyalinsa ba, shi ne zai tsare namu da zuciya ɗaya.