Kuɗin Mota da Haƙƙin Ɗan Ƙasa: Abin da Ya Faru a Kano da Montgomery

Duk sa'ad da kuɗin mota ya tashi, tambaya ɗaya takan dawo cikin ikilisiyoyinmu: ya halatta mai bi ya fito ya nuna wa hukuma rashin yardarsa? Waɗansu sukan buɗe Romawa 13 su ce namu biyayya ce kawai. Amma Bulus da ya rubuta wasiƙar nan, shi ne ya hana sojoji yi masa bulala a Urushalima da ya gaya musu shi ɗan ƙasar Roma ne, kamar yadda muke karantawa a Ayyukan Manzanni 22. Mu ma dokar ƙasarmu ta ba mu irin wannan madogara. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba sai da izinin 'yan sanda ake yin gangami ba.

Da yawa cikinmu mun tuna 1 ga Janairu 2012, ranar da gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin mai. Lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, waɗanda suka je gida Kirsimeti suka rasa kuɗin komawa wurin aiki. A Kano matasa suka mamaye shataletalen Silver Jubilee, kuma a can aka ga Kirista sun kewaye Musulmi suna gadinsu har suka idar da salla. Ƙungiyoyin ƙwadago sun shiga yajin aiki ranar 9 ga wata. Ranar 16 gwamnati ta mai da lita naira 97, aka watse. An samu ragi, amma mako guda kawai aka iya jurewa. Ba abin mamaki ba ne. Ɗan acaɓa da mai tuyar ƙosai abin da suka samu yau shi za su ci yau, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A nan labarin Montgomery, wani birni a jihar Alabama ta kudancin Amurka, yake da amfani gare mu. A can doka ta ware wa baƙar fata kujerun baya a motocin bas. Ranar 1 ga Disamba 1955 aka kama wata tela, Rosa Parks, don ta ƙi tashi wa farar fata. Daga 5 ga Disamba baƙaƙen birnin suka daina shiga bas, har kwana 381.

An fi tunawa da wa'azin Martin Luther King, faston Baptis mai shekara 26 da aka zaɓa jagora. Mu a ganinmu, aikin da ya fi wuya an yi shi ne a bakin titi. Yawancin masu shiga bas ɗin baƙaƙe ne, da yawa kuma mata ne masu aikin gida a unguwannin Turawa. In ba su isa aiki ba, an kore su. Da farko direbobin tasi baƙaƙe suka riƙa ɗaukar mutane a kan kuɗin bas, santi 10. Da hukuma ta hana, sai aka haɗa motocin mutane wajen 300, aka tsara wuraren jira da lokutan ɗauka. Ikilisiyoyi suka sayi motoci da sunansu a jiki. Wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, ta tara mata suna sayar da abinci, ribar tana tafiya ga kuɗin mai. Ana taruwa a majami'u da yamma, a yi addu'a, a karɓi baiko, a ji inda aka kwana. Ko da aka jefa bam gidan King ranar 30 ga Janairu 1956, ya hana mutanensa ramuwa. A gefe guda kuma lauyoyi suna kotu, har Kotun Ƙoli ta rushe dokar wariyar ranar 13 ga Nuwamba 1956.

Tamu matsalar dabam take. Babu dokar da ta tura wani kujerar baya tsakanin Ambursa da Birnin Kebbi. Tsada ce take ware mutane, musamman tun 29 ga Mayu 2023 da aka sake janye tallafi, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Mai juna biyu takan fasa zuwa awo a Asibitin Sir Yahaya, manomi yakan sayar da shinkafarsa da araha a bakin fadama don kai ta kasuwar Argungu zai cinye ribar.

Kafin dattawan ikilisiya su rubuta wa ɗan majalisa ko ƙungiyar direbobi takarda, akwai lissafin da za a iya yi ranar Lahadi ɗaya bayan sujada: babura nawa da motoci nawa ne a hannun membobi, wa yake shiga Birnin Kebbi kowace safiya da kujera babu kowa, su wa kuma suke da ranar asibiti a wannan mako. Zumuntar mata ta riga ta san amsar ta ƙarshe. Maƙwabtanmu Musulmi ma a tasha ɗaya muke tsayuwa da su, sunayensu su shiga takardar.