Kayan Aikin Masu Farautar Gizo-gizo a Bakin Teku

Idan an ce gizo-gizo, hankalin mutane kan tafi lungun ɗaki ne. Amma akwai wani jinsi mai suna Desis da ke rayuwa a wurin da teku ke rufewa ta kuma janye sau biyu a rana. Idan ruwa ya taso, sai ya shige cikin kogon dutse ko ɓawon katantanwa, ya toshe ƙofar da yanarsa, ya riƙa shaƙar iskar da ya tare. Wanda ke gaɓar New Zealand, Desis marina, yakan yi har kwana 19 a ƙarƙashin ruwa. A 2017 masana suka bayyana wani sabon nau'i daga jihar Queensland ta Ostareliya, suka raɗa masa suna Desis bobmarleyi don tunawa da mawaƙi Bob Marley.

Abin da mai neman irin wannan halitta ke fara dubawa shi ne manhajar da ke nuna lokacin cikar teku da janyewarta. Sa'o'i kaɗan gare shi, kuma wanda ya yi sakaci ruwa zai tare masa hanyar komawa. Da dare tocilan ta goshi ce abokiyar aiki, domin idanun wasu gizo-gizo da ke farauta a kan yashi suna mayar da haske, sai a hango su suna ƙyalli daga nesa.

Sauran kayan ba su da tsada. Akwai 'yar kwalba mai tiyo biyu: a zuƙa ta ɗaya da baki, gizo-gizon ya faɗa ciki ta ɗayan, raga kuma ta hana shi kaiwa maƙogwaro. A dajin da ke bayan gaɓa, ana shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin reshe a buga shi da sanda. Ga masu yawo a ƙasa kuwa, kofin roba ake binnewa, bakinsa daidai da ƙasa. Abin da aka kama ana adana shi cikin sinadarin itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100, ko kashi 95 zuwa sama idan za a yi gwajin ƙwayar halitta.

Sai dai duk wannan wahala ta tashi a banza idan babu 'yar takardar da ake jefawa cikin kwalbar, ɗauke da kwanan wata da lambobin GPS na wurin. Da fensir ake rubuta ta, don tawadar biro tana narkewa.

Kundin World Spider Catalog da ke birnin Bern na Switzerland ya haura nau'i 50,000 a 2022, kuma ana ci gaba da ƙara sababbi. Gine-gine da zaizayar ƙasa suna cinye dazukan gaɓar teku. Idan aka share wani daji aka kafa otal, waɗannan takardun ne za su nuna abin da ya taɓa rayuwa a wurin.