Kwafin Ceto da Ke Ƙin Tayar da Saba

Ɗalibin Lambara da ke ƙaramar hukumar Shagari, idan ya zauna jarrabawar JAMB, ba ya ganin na'urar da aikinsa ya rataya a kanta. Tun 2015 da hukumar JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, kowace cibiya tana da babbar kwamfuta da ma'aikata ke kira saba, ita ke rarraba tambayoyi, ita ke karɓar amsoshi. Ranar da ta ƙi tashi, zauren ya tsaya cak.

Shi ya sa masu kula da saba ke haɗa kwafin ceto: hoton na'urar sukutum, da manhajar da ke tayar da ita, a kan filas ko faifan waje. Ko faifan ciki ya mutu, da wannan kwafin za a kunna ta a mayar da komai. Amma wurin haɗa shi ake shan wahala.

Sau da yawa laifin na filas ɗin ne. Wanda aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya haura gigabait 4, hoton saba kuwa yakan ninka haka, sai aiki ya yanke a tsakiya. Ga kuma filas na jabu da ke nuna girman da ba shi da shi; zai ce ya kwafa, alhali rabin kayan ya salwanta. A Windows Server kuma, kafin a kwafa sai manhajar VSS ta ɗauki hoton faifan yana cikin aiki. Idan ɗan sashen da aka keɓe wa tayar da na'ura ya cika, ko wata manhaja ta riƙe fayilolin sashen, hoton ba zai ɗauku ba. A nan gwani ba ya sake dannawa da fatan sa'a, rajistar kurakurai yake buɗewa ya karanta lambar da ta fito.

Mafi muni shi ne kwafin da ya kammala lafiya amma ya ƙi tashi. Wanda aka haɗa don tsohon tsarin BIOS ba lallai ya tayar da na'ura mai UEFI ba. Wani kuma zai tashi, sai ya kasa ganin faifan sabar domin ba a saka masa direban RAID, wato manhajar da ke sa a ga faifan, ba.

Yanayin Sakkwato ma yana da nasa rabon. Ɗauke wuta ana tsakar kwafa yana lalata hoton, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu kuma suna rage wa faifai kwana. Bai kamata a fara wannan aiki babu inbata ko batirin sola mai caji ba.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, sai aka tarar kwafin da ake yi kullum ya daɗe ba ya yiwuwa, saboda manhajar kwafin ta tsufa ga rumbun, saƙonnin gargaɗi kuma ba sa isowa. Bayanan kusan awa shida suka tafi. A 19 ga Yuli 2024 kuma, sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, har Microsoft ta fitar da manhajar haɗa filas na ceto. Waɗanda ba su adana makullin BitLocker, wanda ke buɗe faifan da aka kulle, a waje ba sun fi kowa jin jiki.

Don haka duk mai riƙe da sabar makaranta, asibiti ko ofis daga Bodinga zuwa Shagari, kada ya tsaya ga saƙon "an kammala". Ya tayar da wata na'ura da kwafin, ya ga fayilolin da idonsa, sannan ya kai kwafi na biyu wani gini dabam.