Fitsari a Gidajen Wankin Rumawan Da

A shekara ta 79 Miladiyya dutsen Besubiyas ya yi aman wuta, toka ta binne garin Fomfeyi na ƙasar Italiya. Tun daga 1748 masana ke haƙa wannan kufai, sun kuwa tono gidajen wanki da dama, da kwarmin tattaka tufafi da tafkunan ɗauraya.

To, da me ake wankin, alhali Rumawa ba su saba da sabulu ba? Da fitsari ne. Idan fitsari ya kwana biyu, ƙwayoyin bakteriya sukan farfasa sinadarin yuriya da ke cikinsa ya koma amoniya. Ita kuwa amoniya tana cire maiƙon da ke jikin ulu, kamar yadda ruwan toka ke yi. Ma'aikata sukan haɗa fitsarin da ruwa da wata irin laka, su yi ta tattaka tufafin da ƙafa, sa'an nan a ɗauraye.

Sana'ar ta bunƙasa har Sarki Besfasiyan ya ɗora wa fitsari haraji. Ashe ke nan Rumawa sun ci moriyar bakteriya kimanin shekara 1,600 kafin ɗan Adam ya fara ganinsu da madubi a 1676.