Barcin Ƙwayar Cuta da Farkawarta: Misalin Sarƙe-haƙora

Akwai waɗansu ƙwayoyin cuta na jinsin bakteriya waɗanda idan abinci ya yanke musu sai su ƙudundune cikin ɓawo mai tauri, su fid da yawancin ruwan jikinsu, su kwanta, kamar yadda gaiwa kan shige taɓo ta yi rani. A wannan hali sukan yi shekaru cikin turɓaya da kashin dabbobi, kuma tafasa ta ɗan lokaci ba lalle ta kashe su ba.

Ƙwayar sarƙe-haƙora, wadda Kitasato ya ware a Jamus cikin 1889, tana daga cikinsu. Muddin tana barci ba ta da ɓarna. Abin da take jira shi ne wurin da iskar oksijin ba ta kaiwa, kamar rauni mai zurfi na ƙaya ko ƙusa, inda nama ya mutu. Da ta ji alamar abinci a can, sai ta zubar da sinadaran da ta tara a cikinta, ta sha ruwa, ta kumbura, ɓawon ya tsage, ta shiga hayayyafa. Dafin da take fitarwa yakan bi jijiyoyi zuwa laka, ya hana tsokoki sakuwa, haƙora su sarƙe, galibi bayan kwana 3 zuwa 21.

Haka kan auku a cibiyar jariri idan an yanke ta da aska marar tsabta, ko an shafa mata kashin shanu. Tun da ba dama a raba ƙasa da wannan ƙwaya, magani shi ne wanke rauni, da tsabtar cibiya, da allurar rigakafi, musamman ga mata masu ciki.