Keke mai giya ɗaya

Adjamé Liberté unguwa ce mai cunkoso a birnin Abijan, ƙasar Kodebuwa. Hausawa da yawa suna ciniki a Adjamé da Treichville. Mai zuwa Treichville daga Adjamé yana ratsa unguwar Plateau, sannan ya ƙetare tabkin Ébrié ta kan gada. An buɗe gadar Houphouët-Boigny a shekarar 1957, gadar De Gaulle kuma a 1967. Safe da yamma motoci sukan cushe a wannan hanya. Mai keke ba ya jiran gbaka, ba ya biyan kuɗin mota.

Keke mai giya ɗaya ya fi mai giya da yawa araha da sauƙin gyara. Amma ƙarfinsa ba ya canzawa, ko a hawa ko a gangara. Saboda haka, kafin ka saya, ka san hanyar da za ka riƙa bi.

Dubi faifai biyu masu haƙora da kaca ta haɗa: babba a wajen feda, ƙarami a tayar baya. Ƙirga haƙoransu. In babban yana da 48, ƙaramin 16, taya za ta juya sau 3 duk lokacin da feda ta zagaya sau ɗaya. Wannan keke yana gudu, amma takinsa da nauyi. In babban yana da 40, ƙaramin 20, taya za ta juya sau 2 kawai. Wannan ba ya gudu sosai, amma takinsa da sauƙi.

Treichville fili ne shimfiɗaɗɗe, Adjamé kuwa tana kan tudu. Mai komawa gida da kaya ya zaɓi keke mai sauƙin taki. Mai doguwar tafiya zuwa Grand-Bassam, wajen kilomita 40 a bakin teku, ya zaɓi mai gudu, domin hanyar ba ta da tudu. Mai son duka biyu ya nemi tsaka-tsaki.

A ƙarshe, hau ka gwada. Gyara sirdi daidai tsawon ƙafarka. Matsa birkin gaba da na baya. Keken da birkinsa ba ya kamawa, ko kyauta aka ba ka, kada ka hau shi sai an gyara.

Tambayoyi
1. Wane tabki ke tsakanin Plateau da Treichville?
2. Babban faifai yana da haƙora 45, ƙarami 15. Sau nawa taya za ta juya?
3. Wane keke ya dace da hanyar makarantarku? Don me?