Ko Kun Sani? Karan Rasberi Shekara Biyu Yake Yi

Saiwar rasberi, ɗan itacen nan ja mai ɗan tsami da ake nomawa sosai a Rasha da Sabiya, tana daɗewa a ƙasa, amma a irin da ke nuna da bazara kowane kara shekara biyu yake yi: ganye a ta farko, 'ya'ya a ta biyu, sai ya bushe. Masu lambu a Ingila kan datse sabon dashe ya koma kamar santimita 25. Sabon shiga zai ce asara ce, an zubar da amfanin bana. Haka ne, amma in aka ɗora wa saiwar da ba ta kama ƙasa ba nauyin 'ya'ya, za ta fitar da sababbin kara sirara, alhali su ne masu ba da amfanin baɗi.